Ɗigon Jini Da Huhun Bakwaini: Tarihin Neman Alamar Cuta Tun Ba Ta Bayyana Ba

Bahaushe ya daɗe da sanin bakwaini. Sunan kansa daga lissafi ya fito, wato ɗan da ya iso duniya cikinsa yana wata bakwai, bai jira na tara ba. A yau manyan asibitoci suna raya waɗanda ko wata bakwai ɗin ba su cika ba, 'yan mako 24 zuwa 27, waɗanda da yawansu nauyinsu bai kai kilo ɗaya ba. Duk uwar da ta taɓa tsayuwa gaban kwalba tana kallon ƙirjin ɗanta yana ɗagawa yana sauka ta san tambayar da ke ci mata rai: yaushe zai yi numfashi da kansa, kuma huhun nan zai warke sarai kuwa?

A makon farko, amsar da likita zai iya bayarwa ba ta da yawa. Akwai wata cutar huhu mai daɗewa da ke kama irin waɗannan jarirai, likitoci suna taƙaita sunanta da haruffa uku, BPD, kuma a ƙa'ida ba a tabbatar da ita sai bayan makonni masu yawa. Shekaru ke nan masana suna neman hanyar gano ta da wuri daga sinadaran furotin da ke yawo cikin jinin jariri. Tarihin wannan nema shi za mu bi a yau, domin saninsa zai taimaki iyaye su fahimci abin da ake yi wa ɗansu, su kuma san iyakar abin da gwajin jini zai iya faɗa musu.

Kwalba da iskar oksijin

A wajajen 1880 wani likitan haihuwa a birnin Faris na Faransa, Stéphane Tarnier, ya ga akwatin ƙyanƙyasar ƙwai a gidan ajiye dabbobi, sai ya sa aka ƙera masa irinsa don ɗumama jarirai. Wannan ne mafarin kwalbar da muka sani. Ɗumi ya ceci rayuka da dama, amma bai magance matsalar numfashi ba. Jaririn da ya zo da wuri ƙwarai yakan soma nishi tun a sa'o'in farko, haƙarƙarinsa na shigewa ciki, jikinsa na yin shuɗi.

Cikin shekarun 1940 aka samu kwalaben da ke riƙe iska sosai, sai likitoci suka shiga cika su da oksijin. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne kawai oksijin, amma aka riƙa ba jarirai ninkin wannan har tsawon makonni, a kan tunanin cewa abin da ke raya mutum ba zai cuce shi ba. Zuma da zaƙi, da harbi. A 1942 wani likitan ido a Boston, Theodore Terry, ya ba da labarin wata sabuwar makanta a tsakanin bakwaini. Kafin a gano dalilinta, dubban yara sun rasa idanunsu, ciki har da mawaƙin Amurka Stevie Wonder, wanda aka haifa a 1950. Wata likitar yara a Melbourne ta Ostireliya, Kate Campbell, ta ɗora alhakin a kan yawan oksijin a 1951. Arnall Patz ya gwada haka a Washington, sannan wani babban bincike na asibitoci 18 a Amurka ya tabbatar da shi a 1954.

Daga nan aka koma ɗaya gefen. Aka taƙaita oksijin ƙasa da kashi 40 cikin 100, makanta ta ragu ƙwarai, amma mace-mace da lalacewar ƙwaƙwalwa suka ƙaru. Abin da ya jawo kuskuren biyu ɗaya ne: ana ba da magani mai ƙarfi alhali babu ma'aunin da ke nuna abin da ke faruwa cikin jikin jaririn. 'Yar na'urar nan mai jan haske da ake ɗaura wa jariri a ƙafa don auna oksijin ɗin jininsa, injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a shekarun 1970, kuma ba ta yaɗu a asibitoci ba sai cikin shekarun 1980.

Maiƙon da huhu ke buƙata

Huhu cike yake da 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, kuma a jikin bangonsu ne oksijin ke ratsawa zuwa jini. Cikin jakunkunan a jiƙe yake, saboda haka da an fitar da numfashi sai bangon ya so ya manne, kamar jiƙaƙƙiyar leda. Abin da ke hana hakan wani maiƙo ne da huhu ke yi wa kansa, mai suna safaktan. Richard Pattle a Ingila da John Clements a Amurka sun bayyana shi a tsakiyar shekarun 1950. A 1959 Mary Ellen Avery da Jere Mead na Jami'ar Harvard suka nuna cewa huhun bakwainin da suka mutu da ciwon numfashi ba shi da wannan maiƙo.

An san dalili, ba a samu magani ba tukuna. Ranar 7 ga Agusta 1963 aka haifa wa shugaban Amurka John Kennedy ɗa namiji mai suna Patrick, saura kusan mako biyar da rabi cikin ya cika, nauyinsa ya ɗan haura kilo biyu. Aka garzaya da shi asibitin yara na Boston, aka yi duk abin da ilimin lokacin ya sani, amma ya rasu bayan sa'o'i 39. Jariri irinsa a yau, a asibitin da ke da kayan aiki, kusan tabbas ne zai rayu. Rasuwar ɗan shugaban ƙasa ta ja hankalin jama'a zuwa ga wannan ciwo, kuma a shekarun da suka biyo baya asibitoci suka ƙara himma wajen ɗora jarirai a kan injin numfashi.

Cutar da ceto ya haifar

Injinan farko an tsara su ne da manya a zuciya. Suna tura iska da ƙarfi ta bututun da aka zura a maƙogwaro, sau da yawa kuma oksijin kusan zalla. Wasu jariran da dā babu makawa za su mutu suka rayu, sai dai ba su iya rabuwa da injin da oksijin ba. A Jami'ar Stanford ta Kalifoniya, wani likitan hoton ƙirji, William Northway, ya lura da wani fasali da bai taɓa gani ba a hotunan waɗannan jarirai: huhu ya yi tabo, wani wuri ya kumbura da iska, wani wuri ya shaƙe. A 1967 shi da Robert Rosan da David Porter suka wallafa bayanin jarirai 32, waɗanda 19 daga cikinsu suka rasu, suka kuma raɗa wa cutar sunan da ake taƙaitawa da BPD. Ma'anarsa ita ce gurɓacewar ginin huhu da hanyoyin iska.

Abin da ya biyo baya ƙoƙari ne na sassauta wa huhu. A 1971 George Gregory a San Francisco ya nuna cewa ana iya riƙe jakunkunan iska a buɗe da ɗan matsi mai sauƙi wanda ba ya yankewa, jariri yana numfashi da kansa. Wannan ita ce dabarar CPAP, wadda a yau ake yi ta 'yan bututun hanci. A Niyuzilan, Graham Liggins yana bincike kan tumaki sai ya ga 'yan ragunan da aka ba sinadarin sitiroyid tun suna ciki suna iya numfashi ko da sun zo da wuri. A 1972 shi da Ross Howie suka gwada allurar a kan mata 282 masu naƙudar wuri a Auckland, ciwon numfashi da mace-macen jarirai suka ragu. Duk da haka sai da aka yi fiye da shekara ashirin, zuwa 1994, kafin hukumar binciken lafiya ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yin ta a ko'ina. A 1980 kuma Tetsuro Fujiwara a Japan ya ɗiga maiƙon safaktan da aka samo daga huhun shanu a maƙogwaron jarirai goma, numfashinsu ya gyaru cikin sa'o'i. Amurka ta amince da maganin safaktan a 1990.

Da waɗannan nasarori, mutum zai zaci BPD ta kau. Ba ta kau ba, kamanninta ne suka sauya. Jariran Northway da suka rayu, yawancinsu 'yan kusan mako 34 ne. Yanzu masu rayuwa sun haɗa da 'yan mako 24 da 25, waɗanda huhunsu bai ma soma yin jakunkunan iska na ainihi ba, domin wannan aiki yana kankama ne a makonnin ƙarshe na ciki, ya ci gaba a shekarun farko na rayuwa. A 1999 Alan Jobe ya bayyana abin da ya kira sabuwar BPD. A cikinta tabo bai yi yawa ba, girman huhun ne ya tsaya: jakunkunan iska manya-manya amma kaɗan, jijiyoyin jinin da ke kewaye da su ma ba su yaɗu yadda ya kamata ba.

Dogon jira

A 1988 likitoci a Toronto ta Kanada suka ba da shawarar wani ma'auni da aka ci gaba da bi: a duba jariri a ranar da cikinsa zai cika mako 36 da bai fito ba. In har lokacin yana buƙatar oksijin ko taimakon numfashi, to ana ce yana da cutar. An gyara wannan ma'auni a 2001, an sake gyara shi a 2019, amma mako 36 yana nan. Ke nan jaririn da aka haifa a mako 26 sai ya yi mako goma kafin a tabbatar, kuma kafin nan ɓarnar ta riga ta auku.

Jiran yana da tsada, domin wasu magungunan suna da kaifi biyu. A shekarun 1990 an yi ta ba jarirai sitiroyid mai ƙarfi, deksametazon, tun a kwanakin farko. Ya taimaka aka cire su daga injin da wuri, amma da aka bi yaran bayan shekaru sai aka ga shanyewar gaɓoɓi ta fi yawa a cikinsu. A 2002 ƙungiyoyin likitocin yara na Amurka da Kanada suka yi gargaɗi a daina ba da shi barkatai. Darasin oksijin ne ya maimaita kansa. Da akwai hanyar gane jaririn da ke cikin haɗari mai girma, da shi kaɗai za a ba irin wannan magani a bar sauran. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma Larabar nan ce masana suka shiga nema.

Abin da ɗigon jini ya faɗa

Tunanin karanta huhu daga wani ruwan jiki ba sabo ba ne. A 1971 Louis Gluck ya nuna cewa ana iya auna nunar huhun ɗan tayi daga maiƙon da ke cikin ruwan mahaifa. Tun farkon shekarun 1960 kuma Robert Guthrie ya ƙirƙiro dabarar tsaga dugadugin jariri a ɗiga jini kan wata takarda mai tsotsewa, a shanya, a yi gwaji daga baya. Wannan dabara tana da muhimmanci ga bakwaini, domin jaririn kilo ɗaya duk jinin jikinsa bai wuce mililita 100 ba, bai cika kofin shayi ba. Sai da aka samu na'urorin da ke auna furotin iri-iri daga ɗigo guda kafin binciken ya yiwu sosai.

Furotin ɗin da aka fi sa wa ido su ne 'yan aiken kumburi, waɗanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna idan wani wuri ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga. A 2009 Namasivayam Ambalavanan da abokan aikinsa suka ba da sakamakon jarirai fiye da dubu, kowane bai kai kilo ɗaya ba. Waɗanda suka kamu da BPD ko suka rasu sun fi yawan wasu 'yan aiken, irin su IL-6 da IL-8, sun kuma yi ƙarancin wasu, ciki har da wani mai suna RANTES.

Wani babban bincike mai suna ELGAN ya tattara jarirai 1,506 da aka haifa kafin mako 28 a asibitoci 14 na Amurka tsakanin 2002 da 2004. A 2011 Carl Bose da abokansa suka bayyana abin da suka samu a jinin 932 daga cikinsu, wanda aka ɗiba a kwanakin farko, da ƙarshen makon farko, da ƙarshen na biyu. Sun ga abubuwa huɗu. Hauhawar furotin na kumburi tana tafiya da haɗarin cutar, yawan RANTES kuma yana tafiya da raguwarsa. Kumburin yana somawa tun kwanakin farko, amma yana ƙara tsananta ne daga baya. Zama a kan injin numfashi yana sauya yawan waɗannan furotin. Na huɗu, jariran da ba su girma sosai a ciki ba suna da babban haɗarin cutar alhali furotin ɗinsu bai hau ba, wanda ke nuna hanyar zuwa ga cutar ba ɗaya ba ce.

An gwada wasu alamomin ma. Likitocin Japan sun bincika KL-6, furotin da ke tsiyayowa cikin jini idan bangon huhu ya ji rauni. A Suwidin Ann Hellström da abokanta sun bi IGF-1, sinadarin girma da ɗan tayi ke samu da yawa a ciki, wanda ke faɗuwa ƙasa da zarar an haife shi da wuri. Wani ƙaramin gwaji da aka wallafa a 2019 ya mayar wa jarirai wannan sinadari don kare idanunsu. Bai kare idon ba, amma BPD mai tsanani ta ragu a cikinsu, abin da ya sa aka shiga gwaji mafi girma.

Duk da haka, har yau babu furotin guda da asibitoci ke aunawa a aikin yau da kullum su ce wannan jariri zai kamu, wancan ba zai kamu ba. Dalilan a fili suke. 'Yan aiken kumburi suna hauhawa idan ƙwayar cuta ta shiga jini, ko hanji ya kamu, ko mahaifa ta yi ciwo kafin haihuwa, saboda haka ba huhu kaɗai suke nunawa ba. Sannan abubuwan da likita ke gani da idonsa, wato makonnin ciki, da nauyin haihuwa, da jinsi, da yawan oksijin da irin taimakon numfashin da jariri ke buƙata, sun riga sun faɗi mafi yawan abin da za a iya hasashe. A kansu ne Matthew Laughon da abokansa suka gina ma'aunin hasashe a 2011, kuma gwajin furotin ɗan kaɗan yake ƙarawa a kai. Hadari alamar ruwa ne, amma kowa ya sha ganin hadarin da ya haɗu ya watse.

Abin da binciken ya bar mana

Ribar wannan nema ta fito ta wata ƙofa. Jinin ya tabbatar da cewa makonni biyun farko suna da nauyi, kuma abin da ake yi wa huhu a cikinsu yana iya ƙara wutar kumburi ko ya rage ta. Hanyoyin da suka nuna amfani a gwaji duk na sassauci ne. Ana fifita CPAP a kan bututun maƙogwaro in zai yiwu, ana ba da safaktan da wuri, ana kiyaye tsafta don gudun ƙwayoyin cuta. Binciken Barbara Schmidt na 2006 ya nuna sinadarin kafeyin, irin wanda ke cikin goro da gahawa amma wanda aka auna shi a matsayin maganin asibiti, ya rage cutar daga kashi 47 zuwa 36 cikin 100. Wani bincike na 2010 ya sake tuna mana tsohon ma'aunin oksijin: da aka rage shi ƙasa ciwon ido ya ragu, amma mace-mace suka ƙaru, shi ya sa yawancin asibitoci ke riƙe ma'aunin tsakanin kusan 90 da 95.

Wasu daga cikin hujjojin daga nahiyarmu suka fito. Gwajin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2020, wanda asibitocin Najeriya da Kenya suka shiga, ya nuna allurar sitiroyid ga mai naƙudar wuri ta rage mutuwar jarirai daga kashi 23.5 zuwa 19.6 cikin 100. Wani na 2021, da aka yi a Ile-Ife da Kumasi da wasu biranen, ya nuna ɗora ƙaramin jariri a ƙirjin uwarsa, fata da fata, tun daga haihuwa ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan dabara Edgar Rey ne ya soma ta a Bogota ta Kolombiya a 1978, saboda ƙarancin kwalabe.

Ga mai juna biyu, in ruwa ya fashe, ko jini ya zubo, ko ciwon mara ya riƙa zuwa yana komawa kafin cikin ya isa, ki tafi asibiti nan take, domin allurar nunar huhu tana buƙatar lokaci kafin ta yi aiki. In ɗanku yana kwalba, ku tambayi likita a mako nawa aka haife shi, wane irin taimakon numfashi ake ba shi, da yaushe likitan ido zai duba shi. Kada kowa ya taɓa ma'aunin oksijin sai ma'aikacin jinya. Uwa ta riƙa tatsar nononta ana ba shi ko da ta bututu ne, kowa kuma ya wanke hannu kafin ya taɓa shi. In an ɗebi jininsa aka ce akwai alamar kumburi, yawanci ƙwayar cuta ake nema, wannan ba hukunci ba ne a kan huhunsa.

Bayan sallama, ku nisanta shi daga hayaƙin itace da gawayi, da taba, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa, ku kuma kare shi daga ƙurar hunturu. 'Yan barka masu mura su dakata. A cika masa allurar rigakafi a kan kari. In numfashinsa ya yi sauri, ko haƙarƙarinsa na shigewa, ko leɓɓansa suka yi shuɗi, ko ya ƙi shan nono, a koma asibiti ko da tsakar dare ne.

Northway ya bi yaransa har suka girma, a 1990 ya ba da labarinsu: yawancinsu gwaji ya nuna ɗan ƙuncin hanyoyin iska, amma ƙalilan ne abin ke damu a harkokinsu na yau da kullum. Huhun yaro yana ci gaba da yin sababbin jakunkunan iska shekaru bayan haihuwa, kuma mafi yawan masu BPD suna rabuwa da oksijin tun suna ƙanana. Abinci mai kyau, iska mai tsafta da zuwa asibiti a ranakun da aka ba ku su ne taimakon da wannan girma ke buƙata daga gida.